Yadda ake gwajin asali na DNA da yadda ya kamata Bamaraɗe ya karanta sakamakonsa

Gidaje da dama a Maraɗi suna da ɗa ko ƙane da ke zaune a Amurka, musamman a New York da Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa. Wasunsu sun yi aure can, sun haifi 'ya'ya da mata Amurkawa, baƙar fata ko farar fata ko 'yan asalin Meziko, kuma yaran idan suka tasa sukan nemi sanin tushensu ta hanyar da suka ga tsararsu suna bi, wato gwajin DNA (ƙwayoyin gadon da mutum ke samu daga iyayensa) da ake saye a intanet. Daga nan sai a bugo waya ana roƙon kaka ko baffa ya tofa miyau a 'yar kwalba. Wannan bayani na wanda irin wannan roƙo ya iske ne, da wanda shi kansa yake son yin gwajin, da wanda wani Ba'amurke ya rubuto masa cewa kamfani ya nuna su dangi ne.

Kafin a amsa, yana da kyau a san abin da ya sa Amurkawa suka rungumi wannan gwaji haka. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 12.5 aka loda a jiragen ruwa daga Afirka a zamanin cinikin bayi, kuma kimanin 388,000 daga cikinsu aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka. An raba su da sunayensu da harsunansu, kuma sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta akasarinsu da suna, don haka baƙar fatar da ke bin salsalarsa a takarda yakan tsaya cik a wannan shekara. Ga kuma cuɗanyar jini. Wani bincike da aka buga a 2015 kan masu hulɗa da kamfanin 23andMe ya nuna cewa baƙaƙen fatar Amurka, a matsakaici, suna ɗauke da kashi 73 cikin ɗari na asalin Afirka da kashi 24 na Turai, kuma mafi yawan kason Turan ta wajen maza ya shigo, a zamanin da baiwa ba ta da ikon ƙi. Sai a 1967 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke dokokin da suka hana baƙi da fari aure, sai a 2000 aka yarda mutum ya zaɓi jinsi fiye da ɗaya a takardar ƙidaya, kuma a 2020 mutum miliyan 33.8 ne aka ƙirga a matsayin ruwa biyu ko fiye. Wanda ya fito daga irin wannan tarihi, tambayarsa ta cancanci a amsa ta da mutunci.

Mataki na farko ba ya buƙatar ko sisi: a zauna da tsofaffin gida a ɗauki muryarsu a wayar salula. A tambayi sunan kakanni ta wajen uwa da ta wajen uba, da garin da kowa ya fito, da zanen da ke fuskarsa, da sana'ar gidan, da abokan wasansu. Miyau ba ya faɗin cewa kakan wane Bakatsine ne da ya biyo sarakunan da aka fitar daga Birnin Katsina a 1807, ko Bagobirin Tsibiri ne, ko bafatake ne da ya zo daga Barno ya yi aure ya zauna. Wannan ilimin a bakin mutane yake, kuma da shi ne za a auna duk abin da kamfani zai faɗa daga baya.

Sai zaɓen irin gwajin, domin iri uku ne kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Na farko, wanda AncestryDNA da 23andMe da MyHeritage suka fi sayarwa, yana duba ƙwayoyin gado da mutum ya samu rabi daga uwa rabi daga uba, a wurare kusan 600,000 zuwa 700,000. Shi ne ke fitar da kaso-kaso na yankuna, shi ne kuma ke nemo dangi, amma ƙarfinsa yana raguwa sosai bayan zuriya biyar ko shida. Na biyu yana bin kuromosom ɗin Y, wanda ɗa namiji kaɗai ke gāda daga ubansa, don haka macen da ke son sanin layin mahaifinta sai ta nemi ɗan'uwanta na uba ko baffanta ya yi. Na uku yana bin abin da uwa ke bai wa 'ya'yanta duka, amma 'ya'ya mata ne kawai ke miƙa shi gaba. FamilyTreeDNA na birnin Houston da African Ancestry, wanda Rick Kittles da Gina Paige suka kafa a 2003, sun shahara da waɗannan biyun na ƙarshe. A riƙe lissafi guda: idan aka koma baya zuriya goma, mutum yana da gurbin kakanni 1,024, kuma layin uba da layin uwa biyu ne kacal daga cikinsu. Ga mai neman dangi a Amurka, na farkon ne ya fi amfani, kuma idan kuɗin na gwaji ɗaya ne, a fara da wanda ya fi kowa shekaru a gidan, domin shi ya fi kusa da kakanni.

Kuɗinsa yakan kai dalar Amurka 100, wato sama da jika 50 na sefa, ban da kuɗin aikawa. A fara duba ko kamfanin yana aikowa Nijar. In ba ya yi, sai ɗan'uwa mai zuwa ganin gida ya taho da kwalbar ya koma da ita. Wanda ke zaune a Faransa ya sani dokar can ta hana irin wannan gwaji ba tare da umarnin kotu ko likita ba, kuma tararta Yuro 3,750 ce. Ranar ɗaukar miyau, a yi rabin awa ba ci, ba sha, ba taba, ba goro. A yi rajistar lambar kwalbar a shafin kamfanin tun kafin a aika, a cika ta daidai layin da aka zana ban da kumfa, a rufe har ruwan da ke cikin murfin ya gauraya da miyan, a kuma kiyaye ta daga zafin rana. Tsohon da bakinsa ke bushewa ya fi sauƙi a sama masa irin gwajin da ake goga auduga a cikin kunci. Sakamako yakan fito cikin mako shida zuwa takwas.

Kada a ɗauki miyan kowa sai an yi masa bayani da Hausa ya yarda, domin bayanin da ke ciki ya shafi 'ya'yansa da 'yan'uwansa waɗanda ba a nemi izininsu ba. A 2018 'yan sandan Kaliforniya sun gano wani mai kisan kai ta hanyar bayanan danginsa na nesa da ke shafin GEDmatch, inda mutane ke loda sakamakon gwajinsu don neman dangi. A 2023 masu kutse sun kai ga bayanan mutum kusan miliyan 6.9 na 23andMe, kuma a watan Maris na 2025 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karyewar jari. Saboda haka a sa kalmar sirri mai ƙarfi, a karanta wurin da ake neman izinin amfani da bayanan wajen bincike, a kuma san cewa ana iya neman a goge bayanan a lalata samfurin bayan an sauke sakamakon.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wajen karanta kason. Kamfani ba ya ganin ƙabila a cikin miyau. Abin da yake yi shi ne ya kwatanta ƙwayoyin gadon mutum da na wasu mutane na wannan zamani waɗanda ya tara a matsayin ma'auni, sannan ya ce da wane rukuni ya fi kama. Turawa sun yi yawa a wannan ma'auni, mutanen Sahel kuwa 'yan kaɗan ne. Ko a babban aikin nan na duniya na tattara bayanan ƙwayoyin gado mai suna 1000 Genomes akwai Yarabawan Ibadan da Esan da Mende da mutanen Gambiya, amma babu Hausawa. Don haka Bamaraɗe zai iya ganin an rubuta masa Najeriya da Mali da Kamaru da ɗan kaso na Arewacin Afirka, kuma wannan ba ya nufin kakansa daga Bamako ya zo. Iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina Faransa da Ingila ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, jini bai san da ita ba. Kason yakan canza idan kamfani ya sabunta ma'auninsa, kamfani biyu kan ba mutum ɗaya amsa biyu, kuma shaƙiƙai kan sami kaso daban-daban saboda ba rabi iri ɗaya kowannensu ya gāda ba. Duk abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu ba, kada a gina labari a kansa.

Mu kanmu a cakuɗe muke, kuma a ganina wannan ne ya kamata a fara gaya wa jikan da ke Amurka. Hausanci ya daɗe yana haɗiye Fulani da Buzaye da Barebari da Zabarmawa ta hanyar aure da kasuwa da zama tare, don haka ganin kason Arewacin Afirka a gidan da ke da dangantaka da Fulani ko Abzinawa ba abin mamaki ba ne. Haka kuma idan gwajin layin uba ya nuna R1b, wato layin da ya fi yawa a mazan Yammacin Turai, kada a yi saurin cewa akwai Bature a zuriya. Reshensa mai suna V88 ya yi dubban shekaru a yankin Tafkin Chadi, kuma ana samun sa sosai a cikin masu magana da harsunan da suke dangi da Hausa.

Sashen dangi ya fi sashen kaso inganci nesa ba kusa ba. Ana auna kusancin da santimogan, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin gadon da mutum biyu suka haɗa: uba da ɗa sukan haɗa kusan 3,400, 'ya'yan wa da ƙane kuma kusan 850. A nan ma akwai abin lura, domin auren zumunci da ya yawaita a wurinmu yana ƙara adadin, har ɗan'uwa na nesa ya fito kamar na kusa. Wani lokaci kuma sakamako yakan tono abin da gida ya rufe. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Musulmin duniya ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta yanke cewa ba a amfani da gwajin DNA wajen kore nasabar da ta tabbata a shari'a, don haka wanda ya ga abin da ya ɗaure masa kai ya kame bakinsa ya nemi malami masani da likita, kada ya watsa a zauren WhatsApp na dangi. Gwajin asali kuma ba ya maye gurbin gwajin sikila da ake yi a asibiti kafin aure.

Idan Ba'amurke ya rubuto yana cewa shi Bahaushe ne, a tambaye shi wane irin gwaji ya yi da adadin santimogan ɗin da aka haɗa. In adadin bai wuce 10 ko 20 ba, mai yiwuwa kakan da aka haɗa ya rayu shekara 200 ko fiye da suka wuce, kuma da wuya a gano sunansa. A gaya masa gaskiyar tarihi: Amurka ta haramta shigo da bayi a 1808, daidai lokacin da yaƙe-yaƙen jihadi suka ƙara yawan Hausawan da ake kaiwa bakin teku, shi ya sa aka fi samun sawunsu a Bahiya ta Birazil, inda suka yi yunƙurin bore tun 1807. Wannan bai kore yiwuwar layinsa ya biyo ta ƙasar Hausa ba, amma ya hana a ba shi tabbacin gari ko gida. A aika masa da muryar tsofaffin da aka ɗauka tare da fassara, a nemi sunayen kakanninsa da jihohin da suka zauna, kada a ba da lambar banki ko hoton fasfo, kuma in ana son tantance ta wane ɓangare dangantakar ta biyo, sai a gwada mutum ɗaya daga dangin uwa da mutum ɗaya daga dangin uba a ga wanne ne ya haɗu da shi.