Neman salon kanka a ɗaukar hoto: inda aka fi yin tuntuɓe

Buɗe shafukan masu ɗaukar hoto goma a Instagram, ka rufe sunayensu da yatsa, ka ga ko za ka iya cewa wannan aikin wane ne. Da wuya. Fata ta koma ruwan lemo, sama ta yi shuɗi-shuɗi, baya ya dushe, kowa kamar uwa ɗaya uba ɗaya.

Tushen abin shi ne an ɗauka launi ne salo. Mutum ya sayi firiset, wato haɗaɗɗen saitin launi na manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ya shafa wa kowane hoto, ya ce ya samu nasa. Zanen aro ne, ba ya rufe katara. Duk mai kuɗin saye zai samu irinsa, ga shi kuma an haɗa shi ne a kan wani haske da wata fata daban, kana ɗora shi kan baƙar fata sai ta yi toka-toka ko ta yi jajir. Gwada wannan: ɗauki hotunanka ashirin, ka mai da su baƙi da fari. Idan babu abin da ya haɗa su bayan launi ya tafi, to gyaran yana can tun kafin ka danna: inda ka tsaya, tazararka da mutum, ta inda haske ya shigo, da lokacin da ka ga ya dace ka danna.

Sai yawan canza gilashin kyamara. Henri Cartier-Bresson, ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum a 1947, ya yi mafi yawan aikinsa da kyamarar Leica da gilashi mai milimita 50 (lambar ce ke nuna faɗin abin da gilashin ke kamawa). Idan ka daɗe da gilashi ɗaya, ido yakan haddace iyakar hoton tun ba ka ɗaga kyamara ba. Mai 35 zai tilasta maka matsowa har mutum ya san kana wurin, mai 85 kuma ya bar ka nesa, ya ware shi daga abin da ke bayansa. Zaɓi ɗaya, ka yi wata uku da shi a aikin da ba na kwastoma ba.

Kwaikwayo ba laifi ba ne, kowa da shi ya fara. Laifin a kwashi ɓawo a bar ƙwaya. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948, ya yi suna da labulen baya mai zane-zane, sai masu koyi suka rataya labule suna ganin an gama. Ka ƙura wa hotunansa ido: yadda aka ajiye hannu a kan gwiwa, yadda kafaɗa ta ɗan karkata, hasken rana mai laushi a fuska. Nan aikin yake. In za ka yi koyi da wani, tambayi kanka me ya sa ya yi haka, sannan ka nemi taka amsar.

Amma kuskuren da na fi gani, har a wurin waɗanda suka daɗe a sana'ar, shi ne rowar zubarwa. Robert Frank ya zaga Amurka a 1955 da 1956, ya ɗauki hotuna wajen 27,000, ya fitar da 83 kacal a littafinsa. Mu kuwa mukan dawo da 600, mu wallafa 60, don kowanne muna tuna wahalar da muka sha a kansa. Mai kallo bai san ka kwanta a ƙasa ko ka hau katanga ba, abin da ke gabansa kawai yake gani. Wanke hotuna 50 ƙanana a takarda, ka baje su a ƙasa, ka bar su kwana biyu. Za ka ga wasu suna neman juna: wataƙila duk ta baya ka ɗauki mutanen, wataƙila kullum akwai taga a gefen hagu. Abin da hannunka ke maimaitawa ba da saninka ba, shi za ka bi da gangan. Wanda ya yi kyau amma bai shiga sahu ba, cire shi, ko da zuciya na ƙuna.

Akwai kuma masu tsalle-tsalle: yau biki, gobe tsuntsaye, jibi motoci. Don neman abin kai wa baki, babu komai. Amma a ware abu ɗaya da za a riƙa komawa kansa. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitso da gyaran gashin mata a Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu, da yawansu ta ƙeya, bayan hoton fayau babu tarkace.

Kwastoma kuma, ka ba shi abin da ya biya, sannan ka roƙi minti goma a ƙarshe ka ɗauki biyar yadda kai kake so. Waɗannan biyar ɗin su za ka sa a kundin ayyukanka, domin mai zuwa gobe abin da ya gani a shafinka shi zai ce ka yi masa.