Yadda ƙungiyar unguwa za ta nemi tallafi daga gidauniyar lafiya

Karon farko da ƙungiyarmu ta nemi tallafi daga wata gidauniyar lafiya, ko karanta takardarmu ba a yi ba. Mako biyu muka kwashe muna rubutu, muka zayyana wahalar da masu ciki ke sha a ƙauyukanmu idan naƙuda ta zo da dare kuma rafi ya kawo. Amsar da ta dawo layi biyu ce: asusun bankin da muka bayar da sunan shugabanmu yake, ba da sunan ƙungiya ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin matan da muka yi rubutun dominsu suna nan, kuma wata daminar ta sake samunsu a haka. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da maganar neman tallafi, daga takardu nake fara masa.

Ku haɗa takardunku tun kafin a fitar da sanarwa

Da sanyin safe ake kama fara. Yawanci idan gidauniya ta buɗe ƙofar nema, makonni kaɗan take bayarwa, alhali rajista kaɗai tana iya cin watanni. A Najeriya ƙungiyar sa-kai tana yin rajistar amintattu, wato mutanen da za su wakilce ta a gaban doka, a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ƙarƙashin Sashe na F na dokar kamfanoni ta 2020. Za ku kai tsarin mulkin ƙungiya da sunayen amintattu, a buga sanarwa a jaridu, sannan a jira kwana 28 ko wani zai zo da ƙorafi. Rajistar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha tana da amfani, wasu ƙananan tallafi ma ita suke karɓa, amma manyan gidauniyoyi ta CAC suke tambaya.

Bayan ta sai lambar haraji ta TIN, da takardar SCUML, wato sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, wadda bankuna kan nema wajen buɗe wa ƙungiya asusu. Asusun ya zama da sunan ƙungiya daidai da yadda yake a takardar rajista, harafi da harafi, kuma kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu aƙalla. Ku riƙa kai wa CAC rahoton shekara-shekara, ku kuma sami akanta ya duba muku lissafin bara ko da kuɗin karo-karo ne kawai ya shigo hannunku.

Idan ƙungiyarku jaririya ce, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kada ku ari takardun wasu. Ku nemi babbar ƙungiya mai rajista ku shiga nema tare, a rubuta yarjejeniya a fili: wa zai riƙe kuɗi, wa zai yi aikin.

Ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

Kowace gidauniya da yankinta da kuma abin da ta sa gaba. Gidauniyar TY Danjuma, wadda Janar Theophilus Danjuma ya kafa a 2009 mai hedikwata a Abuja, tana ba ƙungiyoyin cikin gida tallafi a fannin lafiya da ilimi. ACT Foundation da ke Legas tana ɗaukar lafiya cikin fannoninta. Gidauniyar Aliko Dangote kuwa an fi saninta da manyan shirye-shirye, irin haɗin gwiwarta da gidauniyar Gates da gwamnatocin jihohi wajen yaƙi da shan-inna, don haka hanyar shigarta daban ce da ta mai fitar da fom.

Ku shiga shafin gidauniyar na intanet ku karanta ƙa'idojin shekarar da kuke ciki, ba na bara ba. Jiharku tana ciki? Nawa ne iyakar abin da suke bayarwa? Suna yarda a yi gini ko a sayi mota, ko kuwa sun hana? Ku duba jerin ƙungiyoyin da suka taɓa samu, ku kira ɗaya daga ciki ku tambaye su yadda ta kaya. Idan gidauniya aikin ido ta sa gaba ku kuma tamowa kuka sani, ku haƙura ku nemi wata. Mai karanta takardun nan ya san rubutun wanda ya lanƙwasa kansa don kuɗi.

Ku je asibitin sha-ka-tafi ku ƙirga

Nan ne gundarin aikin, kuma nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa. Mukan cika shafi uku da cewa talauci ya yi yawa, jahilci ya yi katutu, mata na mutuwa. Duk gaskiya ne, amma mai karantawa ya ga irin wannan a takarda ɗari kafin taku. Abin da bai sani ba, wanda ku kaɗai za ku iya gaya masa, shi ne abin da ke faruwa a mazaɓarku.

Ku nemi izini a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku je wurin mai kula da asibitin mazaɓa. Akwai manyan littattafan rajista a can, na awo daban, na haihuwa daban, na rigakafi daban. Ina tuna ranar da na zauna a benci da wata ungozoma bayan an sallami masu awo, ta ɗora littafin a cinyarta, bangonsa ya tsufa har an ɗaure shi da filasta. Tana bin layi da bayan biro, ni ina ja wa kowace mace sanda a takarda. Da muka gama littafin awo muka buɗe na haihuwa, sai ga shi shafuka kaɗan ne aka cike. Ta rufe shi ta ce, "Malam, ka gani ko? Awo suna zuwa. Haihuwar ce ba ma ganinsu." Lissafi kawai za ku ɗauka, sunan kowa ya tsaya a cikin littafin.

A ce kun tarar mata 300 sun zo awo a shekara, amma 90 ne suka haihu a asibitin. Wannan tazarar ita ce takardarku. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, dole ku nemo dalili, kuma ba a ofis ake samo shi ba. Mata su zauna da mata a cikin gida su tambaya, maza su zauna da magidanta a majalisa. Wata za ta ce ba a kwana a asibitin. Wata za ta ce maigida ba ya gari, ba mai ba ta izinin fita. Wani zai ce kuɗin mota da tsakar dare ya ninka. Kowane dalili maganinsa daban, kuma tallafi guda ba zai ɗauke su duka ba. Ku zaɓi wanda ƙarfinku zai kai.

Kafin ku rubuta komai, ku kai maganar gaban kwamitin raya mazaɓa, da dagaci, da liman. Ku karɓi wasiƙar goyon baya daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Gidauniya ba ta son zuba kuɗi a aikin da hukuma ba ta san da shi ba.

Rubutun kansa

Gidauniyoyi da yawa sukan fara neman taƙaitaccen bayani na shafi biyu ko uku, sai wanda ya tsallake a ce ya kawo cikakkiya. Idan sun ba da fom, ku bi shi tambaya bayan tambaya, kada ku wuce adadin kalmomin da suka ƙayyade. Da Turanci ake cikewa, amma shawarata ku fara tsara maganar da Hausa a tsakaninku. Abin da ba ku iya faɗa wa mai unguwa cikin minti biyu ya gane ba, Turanci ba zai gyara shi ba.

Manufa ta zama abin da za a iya ƙirgawa. "Inganta lafiyar mata" buri ne. Ku ce cikin wata 12 za ku ɗaga yawan masu haihuwa a asibitin mazaɓa daga 90 zuwa 150, ta hanyar horar da direbobi goma da za su ɗauki mai naƙuda kowane lokaci, da kafa asusun man fetur a ƙauyuka biyar. An taɓa yin irin wannan tsari da direbobin ƙungiyar sufuri ta NURTW a jihohin arewa, don haka ba sabon abu za ku ƙirƙiro ba. Ku faɗi wanda zai yi kowane aiki, da watan da zai yi shi, da inda za a duba a tabbatar, wato wannan littafin haihuwar dai.

Za su tambaye ku me zai faru ranar da kuɗinsu ya ƙare. Kada ku ce za ku nemi wani tallafin. Tun ran gini tun ran zane: ku nuna cewa magidanta sun amince da karo-karon wata-wata, ko kwamitin mazaɓa zai karɓi ragamar asusun.

Kasafin kuɗi

Kowane layi a kasafi ya zama yana da aikin da ya haife shi a cikin takarda. Ku shiga kasuwa ku tambayo farashi na yau, ku rubuta shi dalla-dalla: mutum nawa, kwana nawa, naira nawa kowanne. Tunda farashi ba ya zama wuri guda, ku rubuta watan da kuka ɗauko shi. Kuɗin gudanarwa, irin su hayar ofis da katin waya da alawus na akanta, ku sa shi a fili cikin iyakar da suka yarda, kada ku cusa shi a ƙarƙashin horo. Gudummawar gari ma ku ƙiyasta ta ku rubuta, ko da zauren dagaci ne da za a yi taro kyauta. Kuma idan sun ce iyaka miliyan goma, aikinku na miliyan huɗu ne, huɗun za ku nema.

Turawa

Ku ba wani wanda ba ya cikin rubutun ya karanta, ya sake tara lissafin da kalkuleta. Ku tura saura kwana biyu ko uku wa'adi ya cika, domin ranar ƙarshe ce sabis kan yanke ko shafin ya cushe. Ku adana saƙon shaidar karɓa. Ku yi amfani da imel na ƙungiya wanda aƙalla mutum biyu ke dubawa.

A nan zan ja kunne. Gidauniyar gaskiya ba ta sayar da fom, ba ta neman kuɗin "fitar da suna", ba ta tambayar lambar sirrin katin banki. Saƙon da ke yawo a WhatsApp ana cewa a yaɗa shi ga mutum ashirin, ku rabu da shi har sai kun ga sanarwar a shafin gidauniyar kanta.

Idan amsa ta zo

Kafin su saki kuɗi sukan turo jami'i ya ga ofis da littattafai, wani lokaci ya wuce har ƙauyen. Kada ku ari ofis ko ku tara mutanen da ba su san aikin ba. Ɗaki ɗaya mai fayil a tsare ya wadatar. Ku karanta yarjejeniya tare da amintattu kafin sa hannu. Galibi kashi-kashi ake biya, kashi na biyu ba ya fitowa sai rahoton na farko ya shiga, don haka kowane rasit a manna shi a takarda ranar da aka karɓo shi, a rubuta aikin da aka yi da kuɗin a ƙasansa. Inda ba a ba da rasit, kamar kuɗin acaɓa, wanda ya karɓa ya sa hannu ko ya dangwala. Idan buƙata ta taso ta ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani, ku rubuta ku nemi izini tukuna. Hoton mara lafiya ko na jariri kuwa, kada a ɗauka sai da yardar mai shi ko iyayensa, bayan an gaya musu inda za a kai shi.

Idan kuma ba a ɗauke ku ba, ku aika gajeriyar wasiƙa ta godiya, ku roƙi su gaya muku inda takardar ta gaza. Wasu ba sa amsawa, wasu kuwa sukan turo bayanin masu tantancewa. Ku sa shi a fayil ɗin, ku rubuta watan da suka fitar da sanarwa a bangonsa, sannan bayan wata uku ku koma wurin ungozoma ku sake ƙirga littafin haihuwa.