Matsewar Loɓa da Sauye-sauyen Balaga: Me Za a Yi a Gida, Yaushe Za a Je Asibiti

Loɓa ita ce fatar da ke rufe kan azzakarin namijin da ba a yi wa kaciya ba. Kusan kowane jariri da ita ake haihuwarsa manne da kan, bakinta a tsuke, kuma wannan ba ciwo ba ne. A hankali take rabuwa da kanta. Wani yaron tana buɗewa yana da shekara 3, wani sai ya kai 10, wani kuma sai balaga ta kankama. A 1968 wani likita ɗan ƙasar Danmak, Jakob Oster, ya wallafa binciken da ya yi a kan yaran makaranta: kashi 8 cikin 100 na masu shekara 6 zuwa 7 suna da matsewar, amma a masu shekara 16 zuwa 17 ya koma kashi 1 kacal. Ke nan yawanci lokaci ne maganinta, muddin ba a yi mata ƙarfi ba.

Abu na farko shi ne a bambance matsewar halitta da ta tabo. Yaron da kansa zai duba, ba sai wani ya taɓa shi ba. Ya ja fatar baya a hankali. In bakin yana da laushi, launinsa ɗaya da sauran fatar, kuma babu zafin fitsari, to ta halitta ce. In kuwa bakin ya yi fari, ya yi tauri kamar zobe, yana tsagewa ko yana jini, ko kuma a da tana buɗewa yanzu ta daina, wannan tabo ne, sau da yawa daga wata cutar fata da likitoci ke kira laiken sikilerosus. Ja da hannu ba ya warkar da ita, likita za a gani.

Yadda ake sassauta ta

Lokacin da ya fi dacewa shi ne wajen wanka da ruwan ɗumi, domin fata ta fi laushi a lokacin. Yaro ya wanke hannu, gaban yana kwance, ya ja loɓar baya zuwa daidai inda ya ji ta ɗame. Nan zai tsaya, ba inda ya ji zafi ba. Ya riƙe kamar daƙiƙa 30, ya saki, ya maimaita 'yan lokuta, safe da dare. Makonni ake ɗauka kafin a ga canji, wani lokaci watanni.

In ja kaɗai bai wadatar ba, likita kan rubuta man shafawa na sitiroyid, galibi betametazon mai ƙarfin kashi 0.05 cikin 100, sau 2 a rana na mako 4 zuwa 8. Man yana sa fatar ta yi laushi ta miƙe, yana kuma kwantar da kumburi, kuma mafi yawan yara suna samun sauƙi da shi ba tare da tiyata ba. Inda ake yawan kuskure shi ne wurin shafawar. A kan ainihin tsukakken bakin ake sa shi, bayan an ɗan ja fatar har ya bayyana, ɗan kaɗan a kan yatsa ya isa. Wanda ya lafta shi a bayan fata ya ɓata magani a banza. Kuskure na biyu shi ne dainawa da zarar ta buɗe. In ba a ci gaba da jan ta kullum wajen wanka ba, tana iya komawa yadda take.

Mafi munin kuskure dai shi ne fizga da ƙarfi, ko iyaye su yi ko yaron. Fatar tana tsagewa, tsagar ta warke da tabo, tabo kuma ba ya miƙewa. Haka ake mai da matsewar da za ta tafi da kanta ta koma wadda sai an yi aiki. Kada kuma a cusa wani abu a bakin don a faɗaɗa shi.

Duk lokacin da aka ja loɓa baya, a mayar da ita gaba. In aka bar tsukakken bakin a bayan kan azzakari, yana shaƙe shi, kan ya kumbura, kumburin ya hana fatar dawowa. Ana kiran wannan farafimosis, kuma ba a kwana da shi. A matsa kan da tafin hannu a hankali na 'yan mintoci don kumburin ya ragu, sannan a tura shi ciki da manyan yatsu biyu ana janyo fatar gaba da sauran yatsun. In bai koma ba, ko launin ya fara duhu, a tafi asibiti nan take.

Wajen tsabta ruwan ɗumi ya isa. Farin abin da ke taruwa a ƙarƙashin fata matattun ƙwayoyin fata ne da maiƙo, ba mugunya ba. Sabulu mai ƙamshi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta su ne ma ke jawo ja da ƙaiƙayi. In wurin ya kumbura, yana wari ko yana fitar da mugunya, ana buƙatar magani, in kuma yana yawan dawowa likita zai so ya gwada sukarin jini. Wani lokaci ma ba bakin ne ya tsuke ba, 'yar siririyar fatar da ke haɗa loɓa da ƙasan kan ce ta gajarta, ƙaramin aiki ne ake yi mata. In man shafawa ya gaza, akwai tiyatar faɗaɗa bakin, akwai kuma kaciya, wadda ita aka fi yi idan tabo ne.

Sauran abubuwan da ke damun yara maza

Balagar namiji tana farawa tsakanin shekara 9 da 14, shi ya sa a aji ɗaya za ka ga mai gashin baki zaune kusa da wanda muryarsa ko motsi ba ta yi ba, kuma dukansu lafiyarsu lau. Alamar farko girman 'ya'yan maraina ne, abin da kusan ba wanda ke lura da shi. Gashin mara ya biyo baya, azzakari kuma sai bayan kamar shekara guda yake fara tsawo, kaurin ya zo daga baya. Saurin tsayi, kaurin murya da gashin fuska duk a baya suke zuwa. Yaron da ke auna kansa da sa'o'insa yana da shekara 13 bai ga ƙarshen girmansa ba tukuna. Mai ƙiba kuma kitsen mara yana ɓoye wani sashe na gaban. Magungunan ƙara girma da ake tallatawa ba sa ƙara komai, wasu ma illa suke yi.

Kusan rabin yara maza nononsu kan ɗan kumbura, ɗaya ko duka biyun, har da ɗan zafi in an taɓa. Yakan sace da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2, kada a matsa shi. Ɗan maraina ɗaya ya fi ɗaya sauka, galibi na hagu, haka halitta take. Mafarkin balaga da tashin gaba ba dalili su ma haka. Ƙananan ƙuraje masu launin fata da ke jere a gefen kan azzakari ba cutar sanyi ba ce, a bar su.

Abin da ke buƙatar bincike shi ne alamun balaga kafin shekara 9, ko yaro ya cika 14 maraina ba su fara girma ba. Jinkirin balaga yawanci gado ne, don haka a tambayi uba yaushe nasa ya fara. Likita kan ɗauki hoton ƙashin hannu don ganin ko girman ƙashin ya yi daidai da shekarun yaron, ya kuma gwada jini. Ƙullutu mai tauri a jikin ɗan maraina shi ma a nuna shi, ko da ba ya zafi.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane yaro ya ji daga bakin iyayensa tun bai faru ba, domin kunya na sa yara su yi shiru. Ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a maraina, sau da yawa da tashin zuciya ko amai, yana iya zama murɗewar jijiyar da ke kai wa ɗan maraina jini. In an yi aiki cikin awa 6 yawanci ana ceto ɗan marainan, bayan haka damar tana raguwa da sauri. A gaya wa yaro ko tsakar dare ne ya tashe ku, kada a ba shi abinci ko abin sha saboda yiwuwar tiyata, a wuce asibiti kai tsaye.