Tafiya ƙetare kai kaɗai babu babbar waya: inda aka fi yin kuskure

Mu mutanen Kabi ƙasar waje ba ta yi mana nisa ba. Ka bi ta Kamba, ga ka a Gaya ta Nijar. Ka bi ta Bagudo da Tsamiya, sai Segbana ta Benin. Iyayenmu sun yi fatauci a hanyoyin nan shekara da shekaru babu waya a aljihu. Ni ma da ƙaramar waya mai madannai nake tafiyata, kuma ina jin daɗin haka ƙwarai: idonka na kan hanya, kunnenka na wajen mutane, kafin ka sauka daga mota ka koyi cewa "fofo" da Zabarmanci, ka yi aboki. Sai dai wanda ya saba da babbar waya, in ya ajiye ta babu shiri, zai ji jiki.

Abin da aka fi mantawa shi ne lambobi. Yawancinmu ko lambar mahaifiya ba mu haddace ba, waya ke riƙe mana. Ka samu ɗan littafi ka rubuta ta gida, ta wanda za ka sauka wajensa, da ta direban da ka sani. In za ka kira Najeriya daga can, ka fara da +234 ka jefar da sifirin farko. Nijar +227 ce, Benin +229. Tun ƙarshen 2024 kuma aka ƙara 01 a gaban lambobin Benin, saboda haka tsohuwar lambar da wani ya ba ka tun da daɗewa sai ka gyara ta.

Sai kuɗi, kuma nan ne baƙo ya fi kunyata. A Nijar ba a ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala ake ciniki, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Ranar da na fara zama a bencin mai shayi a Gaya, ya ce min dala talatin, na tsaya ina jujjuya tsabar da ke tafin hannuna ban san wadda zan miƙa ba. Wani dattijo da ke gefena ya sa yatsa ya ware ta 100 da ta 50, ya ce, "Yaro, duk abin da ka ji ka ninka shi sau biyar." Jaka kuma sefa 1,000 ce. Ka canji nairarka tun a bakin iyaka, bayan ka ji farashi wajen 'yan canji biyu ko uku, ka nemi ƙananan kuɗi saboda mota da abinci. Sefar da ka riƙe a Nijar ita ce dai a Benin. Kada ka tara ta aljihu guda.

Takardu ma haka. Wasu sun saba nuna hoton katinsu a waya, to jami'in kan iyaka ainihin takarda yake so ya riƙe a hannu: fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. Ka yi kwafinsu ka ɓoye a wata jaka daban. Kada kuma ka dogara da labarin bara. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville ta Benin kuwa an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ka je tasha ka tambayi direbobin da suka dawo jiya abin da ake ciki.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne jin nauyin tambaya. Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya. Ka yi sallama, ka gaisa a nutse, ka nemi mai shago ko dattijon ƙofar masallaci, ba wanda ya taro ka da gudu yana jan jakarka ba. Ko Kwatano ka je akwai unguwar Zango, ka tarar da mai jin Hausa da zai nuna maka masauki.

Kada ka yi tafiyar dare, musamman a arewacin Benin da yankin iyaka inda tsaro ya taɓarɓare. Ka shiga gari da sauran rana. Kafin ka bar gida kuma ka gaya musu garin da za ka kwana da lokacin da za su ji muryarka, kamar bayan Magariba, kuma ka cika alkawari ko da wayar mai masaukinka ce za ka ara.