Darasi na Bakwai: Haɗa Kujera Irin ta Da Ba Ƙusa

A gidaje da yawa a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, akwai tsohuwar kujera ko gadon katako da aka gada daga kakanni. Ka juya ta ka duba ƙasanta, ba za ka ga ƙusa ba. Kafintocin da sukan fere bakin katako ɗaya ya zama harshe, su huda rami a jikin ɗayan, harshen ya shiga ramin ya zauna daram. Idan wani ya kawo maka irin wannan kujera ya ce yana son ƙanwarta, haka za ka haɗa.

Fara da awo. Auna tsayin ƙafa da faɗin mazauni da santimita, ka rubuta a littafinka. Kada ka ce za ka riƙe a ka.

Sai itace. Maɗaci ya fi dacewa, yana da ƙarfi, yana da jan launi mai kyau. Kirya ta fi shi tauri, amma tana dakushe zarto. Kowanne ka samu, ya zama busasshe. A nan mutane suke yin asara. Ɗanyen katakon da aka haɗa da damina yakan tsuke idan hunturu ya shigo, kafin watan Maris kujera ta fara rawa. Jera katakonka a inuwa, ka sa ƙananan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

Kaurin harshe kashi ɗaya ne cikin uku na kaurin katako. Ramin ake fara hudawa a jikin ƙafar kujera, sannan a fere harshe daidai da shi, don rage harshe ya fi gyara rami sauƙi. Gwada da hannu. Idan ya faɗa da kansa, ya yi sako-sako. Idan sai da dukan guduma mai ƙarfi, ƙafar za ta tsage. Ni nakan so in ji ya shiga da ɗan turjiya, kamar sabon takalmi.

Daga nan ka shafa gam, ka huda ƙaramin rami ya ratsa ƙafar da harshen, ka buga siririn turke na kirya, ka yanke abin da ya leƙo.

Aikin gida: katako mai kaurin santimita 6, harshensa zai zama santimita nawa? Mai santimita 9 fa? Rubuta amsa, ka zo da ita ranar Laraba tare da guntayen katako biyu.