Kafin ka tura maƙalarka wata mujalla

Mutum zai shafe shekara biyu yana bincike, ya sha rana ya ƙona kuɗin data, sai imel ɗaya ya shigo wai "Farfesa muna son aikinka, za mu buga cikin sati ɗaya", shi ke nan ya tura har da dalolinsa. Haba malam, sati ɗaya? Ai masu bita na gaskiya sai an yi watanni ana kai-komo da su, su ce gyara nan, ina hujjar can, har ranka ya ɓaci.

Ni dai shawarata ka fara da manazartarka. Mujallun da ka fi ambata a cikin aikin, to can masu karatunka suke. Ware uku, ka karanta fagen da kowacce ta ce tana bugawa, ka leƙa fitowarta biyu na baya-bayan nan, in babu mai kama da naka kar ka wahalar da kanka, edita zai dawo maka da ita ko bita ba a kai ba.

Sai tantancewa, nan ake cin mutane. Kar ka yarda da tambarin Scopus (kundin da ke jera mujallun da aka tantance) da suka manna a shafinsu, kowa zai iya mannawa, ka je jerin Scopus ɗin ko na takwaransa Web of Science da kanka ka sa lambar ISSN, wato lambar shaidar mujallar, ka kuma duba ko har yanzu tana ciki don Scopus na korar mujallu. Akwai ma 'yan damfara masu satar sunan mujalla ta gaske su buɗe shafin bogi, don haka adireshin ma ka gwada shi da na jerin.

In kana son kowa ya karanta kyauta, shiga DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, yana nuna maka waɗanda ba sa karɓar ko sisi daga marubuci, kuma suna da yawa. Manyan mujallu kan nemi dala dubu biyu ko fiye, amma wasu na yin rangwame ko yafiya ga masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, sai dai ka nema tun wajen turawa, ba bayan an karɓa ba. Na Afirka kuma ga AJOL nan, kundin mujallun Afirka na intanet.

In don ƙarin girma kake yi, karɓo ƙa'idojin jami'arku tukuna ka ga wace iri suke ƙirgawa. Kuma ɗaya bayan ɗaya ake turawa, sai ta farko ta ƙi ko ka janye a rubuce kafin ka kai wa ta biyu.