Yadda ake jinyar mai Korona a gida ba tare da an makara zuwa asibiti ba

Tun da Korona ta ɓulla a Wuhan ta ƙasar Sin a ƙarshen 2019, ta iso Legas a Fabrairun 2020, ta shigo Kano a Afrilu, kuskuren da na fi gani wajen masu jinya shi ne rashin ƙirga kwanaki. Don haka ranar da mutum ya fara zazzaɓi, tari ko kaikayin maƙogwaro, rubuta ta a waya. Ita ce rana ta ɗaya.

Sai gwaji. A wurinmu kowane zazzaɓi maleriya ake ɗaukarsa, to a fara da gwajin tsira yatsa, ba shi da tsada. Amma ko an ga maleriya, hakan bai wanke mutum daga Korona ba, sukan haɗu a jiki ɗaya. In ya daina jin ƙamshin miya ko ɗanɗanon gishiri alhali hancinsa bai toshe ba, ka yi zargi. Gwajin Korona shi ne na audugar da ake zurawa a hanci. Na gaggawa mai minti 15 yakan ce babu in an yi shi da wuri, sai a maimaita bayan kwana biyu. Na PCR, wanda ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, ya fi tabbas. Lambar waya ta kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, 6232 ce.

Magani a gida ba shi da yawa: hutu, ruwa sosai, kunu ko farfesu in abinci ya ƙi shiga, da farasitamol. Babba ya sha ƙwaya biyu masu 500 duk awa shida, kada ya wuce takwas a yini, kuma a duba kwalin maganin mura, yawancinsu da farasitamol a ciki. Ni dai ban yarda da haɗin da ake ƙullowa a leda daga kemis ba. Antibayotik ba ya kashe bairos irin na Korona, asarar kuɗi ce kawai. Kulorokwin da aka yi rububinsa a 2020 ba ya maganinta. Dekzametazon kuwa, maganin rage kumburi, na wanda aka riga aka sa wa iskar oksijin ne, mai ƙaramin ciwo yana iya yi masa illa.

Inda ake faɗuwa shi ne mako na biyu. Zazzaɓi yakan sauka wajen rana ta shida, gida ya ɗauka an warke, alhali tsakanin rana ta bakwai da ta goma ne huhu kan rikice. Haka ta faru da kawuna. Rana ta tara yana zaune a tabarma yana hira da 'yan dubiya, ina tambayarsa "Kawu, ya jikin?" yana cewa da sauƙi. Abin da ya sa na tsargu, sai ya tsaya ya ja numfashi kafin ya ƙarasa magana. Na maƙala masa ɗan awon nan na yatsa mai auna oksijin a jini, ya nuna 86. Daren nan a asibiti ya kwana da oksijin.

Saboda haka nemi wannan ɗan awo, ko aro ne. Auna safe, rana da dare, ka rubuta. Yatsa ya kasance da ɗumi, babu jan farce, hannu a ajiye, a jira minti guda lambar ta tsaya. Daga 95 zuwa sama lafiya. In ta sauka ƙasa da 94, kira ma'aikacin lafiya. Ƙasa da 90 kuwa a nemi mota nan take, kada a ce sai gari ya waye. Ka kuma sani na'urar takan ƙara wa baƙar fata maki, don haka kada lamba ta ruɗe ka in idonka na ganin wahala. Ba ka da ita? Ƙirga numfashinsa na minti guda, in ya kai 30 an shiga haɗari. Haka ciwon ƙirji, ruɗewa ko yawan barcin da ba a iya tashinsa. Tsoho, mai ciki, mai ciwon suga ko hawan jini, tun ranar farko likita ya san da shi.

Kariya kuwa kowa ya haddace ta. Ɗakinsa daban, taga a buɗe, mutum ɗaya ke shiga da takunkumi, a wanke hannu da sabulu. 'Yan dubiya su yi sannu ta waya, ko za su ji haushi. Rigakafi ya iso Najeriya tun Maris 2021, tsofaffin gida su tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.